Layin da Maɓalli Ta Ja

Su huɗu ne a gidan: tela, da matarsa mai aiki a gidan burodi, da 'yarsu mai shekara goma sha uku, da ƙanenta da bai isa shiga makaranta ba. Ɗaki biyu gare su a bayan shagon ɗinkin, labule ɗaya ya raba shagon da ɗakin kwana, shi ya sa ƙarar keke take bin yaron har cikin barcinsa na rana. Yarinyar kuwa kowa Maɓalli yake ce mata, don ubanta ya ce ranar da aka haife ta bai ga abin da ta yi kama da shi ba sai maɓallin wuyan riga, 'yar mitsitsiya, ga wuyar riƙewa. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai buɗe baki ya faɗi abin da ke damun Baba.

Wata na huɗu ke nan yana ramewa. Idan maƙwabta suka tambayi Mama, sai ta ce da sauƙi. Idan suka tambayi Baba, sai ya ce gajiya ya yi da dakon tumbi, ya sauke shi ya huta. Sau biyu a wata sukan tafi asibiti su dawo da leda cike da magani, su zauna a bakin gado suna magana ƙasa-ƙasa. Da Maɓalli ta ɗaga labule sai zancen ya koma kan ko an wanke kwanuka. Ta tambaya sau ɗaya, Mama ta ce ta je ta yi karatunta, wannan maganar manya ce. Ba ta sake tambaya ba, amma tambayar ba ta bar ta ba. So take ta san ko Baba zai tashi, in kuma ba zai tashi ba, kwana nawa ya rage.

A makaranta, aji biyu sun shiga darasin zana layi a takarda mai gida-gida. Malamar lissafinsu mace ce mai sanyin murya, 'yan aji suna kiranta Malama Sake-duba a bayan idonta, don ba ta taɓa ce wa ɗalibi ya yi kuskure ba, sai dai ta ɗora yatsa a wurin ta ce a sake dubawa. Ran nan ta zo da siririn kyandir mai tsawon santimita goma, ta kafa shi a kan tebur ta kunna. Ta ja layi biyu a allo, na kwance ta ce shi ne x, lokaci, kowane gida minti goma, na tsaye kuma y, tsawon kyandir. Duk bayan minti goma ɗalibi ɗaya zai fito ya auna. Aka samu goma, takwas, shida, huɗu. Ta sa ɗigo huɗu, ta ɗora rula, sai ga su sun jeru a layi ɗaya kamar 'yan fareti. Ta rubuta y = 10 − 2x, ta ce goman ita ce inda aka faro, biyun da ake cirewa kuma ita ce gangarar layin. Sannan ta zarce da layin har ya taɓa na kwance, ta ce a nan kyandir zai ƙare, a minti na hamsin. Kafin a kaɗa ƙararrawa kuwa wutar ta lanƙwashe ta mutu, ajin ya kaure da tafi.

Maɓalli ba ta yi tafi ba. Allon kawai take kallo. Ashe akwai hanyar da mutum zai san ƙarshen abu ba tare da ya tambayi kowa ba.

Malama ta ba su aikin gida: kowa ya nemo abin da ke ƙaruwa ko raguwa daidai wa daida, ya auna, ya zana. Wata ta ce za ta auna ruwan tankinsu. Wani yaro a baya ya ce shi haƙurin babarsa zai auna, don kullum raguwa yake yi, Malama ta ce ya fara nemo rular da za ta kai.

Baba yana da littafin awo, mai baƙin bango da ya sha hannu, inda yake rubuta kafaɗa da ƙugu da tsawon hannun duk wanda ya kawo ɗinki. Ba ya yarda da ƙwaƙwalwa a kan awo, ko nasa ne. Farkon kowane wata, tun da wandunansa suka fara zamewa, yakan zagaya tef a ƙugunsa, ya rubuta, sannan ya rage wandon. Maɓalli ta san shafin. Da ya shiga ciki ya kwanta bayan azahar, ta buɗe ta kwafa: inci talatin da shida, talatin da huɗu, talatin da biyu, talatin.

Ta zauna a kan teburin yanka, ta ture almakashi da alli gefe. Watanni a layin kwance, inci a layin tsaye. Ɗigo huɗun suka hau rula ba gardama. Ta rubuta y = 36 − 2x da kyakkyawan rubutunta, ta ja layin yana gangarowa, takardar ta ƙare bai kai ƙasa ba, sai da ta liƙa wata a gefe. Ya taɓa layin kwance a wata na goma sha takwas. An ci uku, saura goma sha biyar.

Wata goma sha biyar. Ta lissafa da yatsu, ta ga ya wuce jarrabawar gama aji uku, ya wuce ranar da za a kai ƙanenta makaranta. Abin mamaki, sai ta ji zuciyarta ta yi sanyi. Ranar har wasa ta yi da yaron, ta ci abinci ta ƙara.

Da Malama ta duba ayyukan, ta mayar wa kowa nasa ban da Maɓalli. Ta ce ta tsaya idan an fita tara. Ajin ya watse, ya rage su biyu da ƙurar alli. Malama ta shimfiɗa takardar, ta ce lissafin daidai ne, ba inda za a sake dubawa. Sannan ta tambayi ƙugun wane ne. Maɓalli ta ce na wani mai kawo ɗinki ne. Malama ta ci gaba da kallon inda aka liƙa takarda ta biyu, inda aka zagaye goma sha takwas da jan biro har sau uku.

"Na Babanmu ne," in ji Maɓalli.

Malama ta jawo kujera ta zaunar da ita kusa da ita. Ta ɗauki fensir ta taɓa ɗigon ɗaya bayan ɗaya, ta ce waɗannan huɗun gaskiya ne, tef ne ya faɗe su. Daga na huɗun zuwa ƙasa kuwa ba wanda ya auna, rula ce kawai ta bi hanyar da ta ga an faro. Kyandir kakinsa iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, shi ya sa ya bi layi. Ta sa abin gogewa ta tsinka dogon layin, ya koma guntu-guntu, ta ce haka ake zana abin da ake zato.

Maɓalli ta ɗago da sauri ta tambaya ko ke nan layin zai iya juyawa ya hau sama.

"Zai iya," in ji Malama. Ta ajiye fensirin. "Zai kuma iya tsayawa tun bai kai ƙasa ba, 'yata. Mutum ba ya jira sai ya kai sifili. Ni ban sani ba, rula ma ba ta sani ba. Amma a gidanku akwai wanda ya sani. Ki nuna masa."

Ba ta nuna masa ba. Ta ninke takardar ta cusa a aljihun jaka, ta riƙe rabin maganar Malama na farko ta saki na biyun. Tana da dalilinta. Baba yana da wata ƙa'ida da ta ji ya faɗa ba sau ɗaya ba: idan marar lafiya ya kawo kaya a rage, ba ya yanke rarar ƙyallen, kalmashe shi yake yi a ciki ya bi da ɗinki, don ranar da mutum ya murmure sai a farke a saki. Ya ce tela mai yanke rarar majinyaci ya riga likita yanke hukunci. Saboda haka duk ranar wanki Maɓalli takan juya wandunan Baba ta shafa cikin ƙugun. Rarar tana nan, ta yi kauri kamar igiya. Muddin tana nan, layin zai iya hawa.

Farkon watan da ya biyo baya, ta dawo daga makaranta ta ɗauki tsintsiya za ta share shago. A ƙarƙashin keke, cikin zare da ƙurar yadi, ta ga dogayen ƙyallaye guda biyu masu ruwan toka, da sawun tsohon ɗinki a jikinsu. Ta san yadin, rarar wandon Baba ce aka yanke. Ta tsuguna riƙe da su.

"Kaurin ne ya dame ni, yana gurza mini ƙashi," Baba ya faɗa daga kan kujerarsa. Ita dai ba ta juyo ba. Can sai ya ce, "Zo nan, Maɓalli. Na gyara miki hannun jakarki jiya."

Takardar da ta ɓoye a jakar tana kan cinyarsa, a buɗe. Ya ce ya jima yana juya ta, da farko ya ɗauka sabon yayin siket ne. Ya sa ta yi masa bayani, ta yi: nan watanni, nan inci, nan gangara. Ya bi layin da yatsa har ƙasa, ya ce wato so take sai ya koma zare a zura shi a allura. Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, ta miƙo masa ruwa. Da ya lafa sai ya daina wasa. Ya faɗa mata sunan ciwon, da inda yake, da abin da likita ya ce wancan makon, cewa magani yanzu na rage zafi ne kawai. Bai yi mata alkawarin wata goma sha biyar ba. Mama tana tsaye a bakin labule da garin fulawa a hannun rigarta, ba ta hana shi ba.

Maɓalli ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Ya bar ta sai da ta gaji. Sannan ya ce ta share fuska, yana da aiki, kuma aikin na masu ilimin rula ne. Ya buɗe littafin awo can baya, ya nuna mata wani shafi da ba ta taɓa lura da shi ba. Nata ne. Tsawon rigarta tana shekara goma, inci talatin da huɗu. Sha ɗaya, talatin da shida. Sha biyu, talatin da takwas. Bana, arba'in.

"Ja mini wannan," in ji shi. "Ina son in ga inda za ki kai a sha shida."

Ta kawo sabuwar takarda. Ɗigon suka jeru, wannan karon suna hawa. Layin ya ba da arba'in da biyu, da arba'in da huɗu, da arba'in da shida. Daga ɗigo na huɗu zuwa sama ta ja shi guntu-guntu, ta gaya masa abin da Malama ta ce, nan zato ne, ba wanda ya auna. Baba ya ce a gaishe da Malama, ta yi gaskiya, teloli ma sun san haka, shi ya sa ake barin kalmasa.

Mako uku ya yi yana ɗinka riguna uku. Da can aikin kwana biyu ne. Ƙafarsa ba ta iya taka keke da daɗewa, sai ya yi layi ɗaya ya huta. Maɓalli ce ke zura masa zare, tana riƙe bakin yadi, suna hira irin wadda ba su taɓa yi ba. Ya gaya mata yadda ake sa wa keke mai, da wanda za a ba almakashinsa, da yadda za ta lallaɓa Mama idan ta yi shiru da yawa. Kowace riga ya bar mata kalmasa mai faɗin tafin hannu a ƙasa, da rara a kafaɗa, ya rubuta shekarar da alli a cikin wuya.

Ya rasu a wata na shida, da hantsi, Maɓalli tana riƙe da hannunsa. A takardar farko saura gida goma sha biyu kafin layin ya kai ƙasa.

Da ta koma makaranta, Malama ba ta yi mata dogon jawabi ba. Ta riƙe hannunta, ta zaunar da ita, ta nuna mata darussan da suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe Maɓalli ta fito da takardun biyu ta ajiye a kan tebur, mai gangara da mai hawa. Malama ta daɗe tana dubawa, ta tambaye ta wanne za ta ajiye. Ta ce duka biyun.

A gida ta buɗe akwati ta ɗauko rigar shekara sha huɗu ta gwada. Ta yi mata yawa kaɗan, kamar yadda ya kamata. Ta juya bakin rigar ta shafa kalmasar, ɗinkin ya ɗan karkace a wuri biyu, inda ƙafarsa ta gaji. A nan Maɓalli ta gane cewa layi ba ya faɗin ranar da mutum zai tafi. Ta kuma gane cewa Baba ya san ba zai ga girmanta ba, shi ya sa ya bar mata wurin da za ta girma.