Kujerar Othniel

Tun shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga Michika, Keturah ba ta sake ganin mijinta Othniel ba. Malamin makaranta ne, ɗan Numan, aiki ya kai shi can. Ranar gudun ya saka ta a motar kaya, ya ce bari ya koma ya kulle ƙofa, kamar masu zuwan za su tsaya neman makulli. Babu gawa, babu labari. Ta dawo unguwar Luggere a Jimeta ta kama ɗinki.

Yayansa Zadok, dattijon coci, ya gaji da jira. Yana so a yi sujadar bankwana, a sa Othniel cikin matattu, dangi su huta. Fasto ya ce sai da yardar matar. Matar ta ƙi.

Sai Allah ya kawo wa Zadok kimiyya. Dakta Adanna, wadda ta tashi a shagon kayan motar babanta a Jimeta, tana bincike a jami'a kan lafiyar ƙwaƙwalwar iyalan waɗanda suka ɓace. Zadok ya ji jawabinta a wani taro, ya dawo da labarin cewa iyalan da suka yi bankwana sun fi samun barci. Ya gayyato ta.

Adanna ta ajiye kujerar roba a tsakar gida, gaban Keturah.

"Mama, wata dabara ce ta aikinmu. Ki ɗauka Baba Othniel yana zaune nan, ki faɗa masa abin da ke ranki."

"Ki sallame shi, matarmu," in ji Zadok, ya gyara murya ta jana'iza.

Keturah ta daɗe tana kallon kujerar. Sannan ta ɗaure zani.

"Othniel! Ka ga irin taurin kanka? Ƙofar langa-langa! Akuya ma in ta yi fushi za ta ɓalle ta. Na ce ka hau, ka ce kai mutum ne mai tsari. To ga tsari. 'Yarmu Jemimah ta yi aure, ni na zama uwa, ni na zama uba, yayanka ya ci cinya biyu a madadinka. In ka dawo ba zan maka magana ba sai bayan Kirsimeti."

Ta zauna tana haki.

"Ba haka ake yi ba," in ji Zadok. "Dakta, gaya mata ba haka ake yi ba."

"Haka ake yi, Baba. Ban ce ta sallame shi ba." Adanna ta juya. "Mama, kina samun barci?"

"Ina fa, 'yata. Rabi da rabi."

"Ka ji ko!" Zadok ya tafa hannu, kamar shi ya yi binciken.

"Baba, ranar taron ka fita amsa waya. Na kuma ce masu jira da yawa suna nan lafiya, sai dai in dangi sun matsa musu."

Zadok ya ce a zamaninsu masu ilimi magana ɗaya suke yi. Ya sassauta murya. Shi ma ƙanensa ne, ya ce. Uwarsu ta mutu tana tambayarsa ina yaron, kuma shi ma ba ya barcin. Wannan gaskiya ce, Keturah ta sani, ta sunkuyar da kai.

"Sannu, Yaya. Amma waɗancan ma da bindiga ba su kawo min gawarsa ba. Ba zan kashe shi da bakina don mu yi minshari ba."

"An riga an sanar da mutanen Numan. An kama rumfa!"

"Su zo. Zan dafa musu shinkafa, har da kifi. Amma duk wanda ya ce marigayi a gidan nan, ya ajiye cokali ya kama hanya."

Da yamma Zadok ya kira Fasto, ya ce a mayar da taron sujadar addu'a domin matafiyi.