Bas ɗin Kawu Tavengwa

Malama Nyaradzo tana tsakiyar rubutu a allo, sai ga bas ya kutso harabar makaranta, ya bi ta kan furannin da 'yan aji ɗaya suka shuka, ya tsaya daidai tagar aji uku. Ba ta waiwaya ba. Ta ƙarasa abin da take rubutawa, ta ja masa layi: Ba a tilasta wa kowa halartar taro.

Shekararta goma sha ɗaya tana koyarwa a wannan sakandaren ƙauye, tafiyar awa biyu daga birnin Masvingo. Bara ƙungiyar malamai ta shirya musu bita a kan koyar da 'yancin ɗan Adam, aka ba kowa ɗan littafin tsarin mulki da harshen Shona. Yawancin abokan aikinta sun jefa nasu a durowa. Ita kuwa ta ɗauki babin 'yanci ta yayyanka shi, tana ba yara kaɗan-kaɗan kowane mako.

Hedimasta Gwatidzo ya leƙo yana share gumi. Saura masa wata takwas ya yi ritaya, kuma ba abin da yake roƙo irin watannin nan su wuce lafiya.

"Malama, a rufe littafi. Za a kai yara taron jam'iyya a filin ƙwallo. Babban baƙo zai zo."

"Akwai takarda daga ofishin ilimi?"

"Kin san irin wannan ba ya zuwa da takarda."

"To ni darasina yana rubuce a jadawali, ranka ya daɗe. Kai ma ka sa masa hannu."

Kafin ya amsa, wani ƙaton mutum ya ratsa ta gefensa ya shigo, sanye da riga mai hoton ɗan takara, tumbinsa ya buɗe fuskar hoton har ta yi faɗi. Kwamared Tavengwa ke nan, shugaban jam'iyya na mazaɓa, kuma ƙanin mahaifiyarta. Shi ya goya ta a kan keke ranar da aka fara kai ta firamare. Tun tana ƙarama suke tsokanar juna.

"Nyari, har yanzu kina nan kina cin alli? Tashi yaran nan, rana na yi."

"Sannu da zuwa, Kawu. Wannan rigar ta bara ce, ko ɗan takarar ne ya yi ƙiba?"

Yara suka ƙunshe dariya. Shi ma ya ɗan yi, sannan idonsa ya sauka a kan allo. Ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi, dariyar ta ɗauke.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Daga tsarin mulki ne, gwamnati ce ta buga shi, Kawu. Ka tuna lokacin ƙuri'ar raba gardama? Kai ka bi gida-gida kana cewa a amince da shi."

Ya juya mata baya, ya fuskanci ajin. "Ku tashi. Akwai burodi da lemo. Akwai riga ga kowa."

Ba wanda ya motsa. Yara arba'in da bakwai suka zuba wa malamarsu ido. Nyaradzo ta dafa tebur. Ta san abin da aka yi wa malamai a zaɓen da ya wuce. Wani abokin karatunta har yau da sanda yake tafiya.

"Ku saurara," ta ce. "Ban tare ƙofa ba. Mai son zuwa ya tafi, 'yancinsa ne, ba zan rubuta sunan kowa ba. Mai son zama ya zauna, shi ma nasa ne. Abin da ba za a yi ba shi ne a kora ku kamar awaki."

Can sai yara maza huɗu suka miƙe, wasu huɗu suka bi su. A layin gaba wata yarinya mai suna Shingirai, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta kifa kai a kan benci tana kuka. Nyaradzo ta je ta durƙusa kusa da ita.

"Malama, ina son zama," yarinyar ta ce a hankali. "Amma Baba ya ce in aka ga ba na wurin, za a cire mu daga rabon irin shuka."

"Tashi ki tafi. Ɗauki rigar sanyinki. Gobe zan maimaita miki darasin, ke kaɗai."

"Za ki ce na ji tsoro."

"Ni ma ina ji. Tafi abinki."

Yarinyar ta fita tana goge ido. Tara suka tafi, talatin da takwas suka zauna. Ta taga Nyaradzo ta hangi 'yan aji ɗaya da na aji biyu ana jera su a bakin bas. Sai ta ga malamin lissafi na aji huɗu, mutumin da bai taɓa ɗaga murya a taron malamai ba, ya fito ya dubi bas ɗin, ya dubi ajinta, ya koma ciki ya ja ƙofarsa.

Kawu Tavengwa ya matso har tana jin hucinsa. Ya rage murya.

"Kin ba ni kunya gaban yara. Kin manta sunan uwarki yana cikin masu karɓar masarar agaji? Hannuna ne ya rubuta shi."

"Yayarka ce, Kawu. Ita ta yi maka wanka kana jariri. In za ka iya goge sunanta, ga alƙalami."

Ta miƙa masa jan biron da take duba aikin yara da shi. Ya dube shi, ya dube ta, bai karɓa ba.

"Taurin kan ubanki kika ɗauko," ya ce, ya fita.

Bas ya tashi da rabin kujerunsa babu kowa. Nyaradzo ta ɗauki alli, ya karye a hannunta, ta ɗauki wani. "Wa zai karanta mana layi na gaba?"

Bayan an tashi, hedimasta ya aika a kira ta. Ta same shi zaune, kwanon sadzarsa, wato tuwon masara, a buɗe, ya huce bai taɓa ba.

"An bugo daga gunduma har sau uku," ya ce. "Sun aiko da rahoto a rubuce, wai kina cusa wa yara siyasa. Hannuna kawai suke so. In na sa, aikinki ya tafi."

"Ka sa?"

"Na ce musu tabarauna ya ɓace, kuma ba na sa hannu a abin da ban karanta ba." Tabarau ɗin yana nan a kan hancinsa. "Na kuma kira wakiliyar ƙungiyar malamai, gobe za ta zo da lauya. Korarki za ta yi musu wuya. Amma canjin wurin aiki ba ya buƙatar hannuna. Maganar kai ki garin Chikombedzi suke yi."

Ta zauna a kujerar da ke gabansa. Chikombedzi yini guda ne a mota, in an samu motar. Ta tuna ƙafar mahaifiyarta da ke kumbura, da wanda zai riƙa kai ta asibiti, da ɗakin da ta gama yi wa rufi a watan jiya. Ta sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri, 'yata," ya ce. "Iyakar ƙarfina ke nan."

"Ka yi abin da ban zata ba, Baba." Ta ɗago kai. "Makarantar can, yara nawa ne a ciki?"

"Babba ce. Sun kai ɗari tara."

"Mu nan ɗari uku ne."

"Ko ɗari ukun ba mu cika ba."

Ta miƙe, ta karkaɗe allin da ke jikin siket ɗinta.

"In sun sake bugowa, ka tambaye su ko akwai allo mai kyau a can."