Kudu a Mararrabar Botswana

'Yata Zuhra haihuwar unguwar Erdington ce a Birmingham, ta kusa shiga sakandare, amma ba ta taɓa buɗe baki ta yi Hausa ba. Tana ji sarai, sai dai ta amsa maka da Turancin Birmingham ta hanci. Yayata Shifa ta Manchester kuwa, 'ya'yanta har gatse suke yi da Hausa, kuma ba ta gajiya da tuna mini. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Shi ya sa da maigidana Abdulhafiz ya tara hutunsa na aikin asibiti ya ce mu zaga kudancin Afirka a mota, na ci ɗamara. Makonni a mota ɗaya, ba makaranta, ba ƙawaye? Ai ko kalma ɗaya ce sai na tatso.

A Cape Town muka ɗauki hayar mota. Muka ratsa Namibiya, jan yashi har ya ishe mu, muka faɗa Botswana. Bakina bai huta ba: ga dutse, ga jimina, ga jaki. Yarinya ta ce "nice", ta mayar da abin sauraronta kunne.

Ranar nan ni ke tuƙi, Abdulhafiz yana sharar barci, muka iso mararraba, waya ba sabis. Na ce a fili, "To, yanzu ina za mu?"

Sai na ji Zuhra daga baya ta ce, "Kudu, Mama. Kudu!"

Saura kaɗan in saki sitiyari. Zambiya muka nufa, arewa ya kamata mu yi, amma wa ya damu? 'Yata ta ce kudu, kudu za mu. Na karya kan mota ina rangaɗa guɗa, bawan Allah ko motsi bai yi ba. Sabis na dawowa na tura wa Shifa saƙon murya, har da 'yar waƙa.

Can Abdulhafiz ya farka, ya dubi rana, ya dube ni. Na feshe shi da albishir. Ya waiwaya baya, Zuhra ta miƙo masa hoton da ta ɗauka a mararrabar: wata ƙatuwar dabba kamar barewa, mai murɗaɗɗun ƙahonni.

Ya ce, "Ramlat, sunan dabbar ke nan a nan. Kudu." Ya dinga dariya har da riƙe ciki.

Na gangara gefen hanya na tsaya. Dariyar na so in taya shi, sai ga hawaye.

Zuhra ta tambayi babanta me ya faru, ya yi mata bayani da Turanci, ashe ba ta san ma'anar kudu a Hausa ba. Sai ta matso, ta tambaye shi yadda ake kiran kishiyar kudu da Hausa. Ya faɗa mata.

Ta dafa kafaɗata, tana tauna kowace kalma kamar mai cin gyaɗa da tsakuwa. "To... mu je arewa, Mama. Yi haƙuri."

Na juya mota. Wannan kam ban tura wa Shifa ba, na riƙe abina.