Taurari Talatin da Ɗaya

Shekara huɗu na yi ina tsintar taurari kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Aikina a ofishinmu na binciken sararin sama shi ne nemo ƙananan taurari jajaye, sababbin haihuwa, waɗanda suka fito wuri guda suke tafiya tare. Cikin dubu arba'in na fitar da talatin da ɗaya. Garin kallon kwamfuta har tabarau na soma sawa.

Amma tafiya tare ba ta isa shaida ba, don tsohon tauraro ma kan bi hanyarsu. Sai an je babban madubin hangen nesa an auna haskensu, a ga ko da sauran sinadarin litiyam, wanda ke ƙonewa idan tauraro ya kwana biyu. Farfesa, shugabanmu, dokarsa ɗaya ce: wanda ya je madubi shi ke da suna a takardar bincike. Ni kuwa in sunana bai fito bana ba, ba za a sabunta mini aiki ba.

Satin da layina na zuwa madubi ya zo, Mama ta faɗi a banɗaki, ƙugunta ya karye. Na miƙa wa Dogo, abokin teburina, jerin taurarin.

"Haba Yaya, je ki kula da tsohuwa," in ji shi. "Ai danna maɓalli ne kawai."

Ya danna kuwa. Ashirin da takwas suka fito da litiyam.

Da na dawo, na tarar da takardar a kan tebur. Sunan Farfesa a sama, na Dogo yana biye. Na karanta sunayen sau biyu, na nufi ofishin Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ni fa na nemo su."

"Ke kin yi hasashe, shi ya tabbatar," ya ce, ko kansa bai ɗaga ba. "In na karya doka dominki, gobe wa zai bi ta? Kuma ai ba a manta da ke ba. Duba shafi na tara."

Dogo yana bakin ƙofa, ya duƙufa kan wayarsa, sai ka rantse bai taɓa ganina ba.

Na buɗe shafi na tara. Taurari ukun da suka faɗi gwajin ne, tsofaffin da suka saje da ayari, an jera su da bayanin wadda ta zaɓo su bisa kuskure. Nan aka rubuta sunana cikakke, ko harafi ɗaya ba a ɓata ba.

Ƙarshen wata na kwashe kayan teburina.