Gayyar Direbobin Gagarawa

Sau uku kacal a rana. Dokar gasar ke nan, kuma ita ce ta hana Adawiyya sakat tun ranar da aka fara.

Gasar ta intanet ce, ta masu koya wa kwamfuta hasashe. An ba su hotunan shanu dubu shida, kowane sa da kilon naman da aka samu a jikinsa bayan yanka, domin su horar da kwamfutocinsu. Sannan aka ƙara musu hotuna dubu biyu babu kilo, aka ce kwamfutar kowa ta faɗa. Idan ka tura amsarka, nan take za a duba ɗan yanki kaɗan daga cikinta a sa sunanka a allon sakamako. Sauran kuwa a rufe yake sai an tashi gasar. Mutum uku na farko za a ba su aikin shekara guda, su yi daga gida. Shekarar Adawiyya uku da gama jami'a, babu ofishin da takardunta ba su leƙa ba daga Dutse har Kano. Aikin nan take so, so na gaske.

To amma sau uku ake tura amsa a rana, kuma wanda ba ka tura yau ba ya tafi ke nan, ba a ajiye maka shi zuwa gobe. Ita kuwa a Maigatari take, inda waya kan wayi gari 'yar Nijeriya, kafin azahar ta kama sabis ɗin Nijar ta daina sanin kowa. Kwanaki da yawa sun wuce ta a haka, sai ranar da ta samu ta je Gumel ta tura. Saura kwana huɗu a rufe gasar, tana ta arba'in da ɗaya.

Yayanta Bilya direban motar shanu ne, mutumin kirki, sai dai yakan fara aiki tun kafin ya gama jin bayani. Sau ɗaya ya ji ta tana ƙorafin dokar nan. Ranar Litinin da la'asar sai ga shi ya shigo yana murmushi har kunne, ya ajiye wani yagaggen kwali a gabanta. Sunaye tara ne a jiki, kowanne da lambar sirrinsa.

"Na kira miki gayya," in ji shi.

Ashe a Gagarawa Tasha ya tara abokansa direbobi ya ce ƙanwarsa na cikin matsi, kowa ya miƙa waya aka buɗe masa akawun a gasar. Ya lissafa mata da yatsu: da nata goma, sau uku-uku, talatin ke nan a rana.

Gaskiya ita ce Adawiyya ta daɗe tana kallon kwalin nan, kuma ranta ya biya. Amma ta san dokar kamar sunanta: mutum ɗaya, akawun ɗaya, wanda aka kama da ƙari a cire shi. Ta yi wa Bilya bayani, ya ce shi bai ga aibu ba. Idan gona ta fi ƙarfin mutum ai jama'a yake kira, tun kakanni haka ake yi, kuma ba a taɓa cewa mai gonar ya yi sata ba. Sannan da wane ido zai koma wa mutanen da suka amsa kiransa ya ce ba a so?

"Yaya," ta ce, "ko mutum ɗaya a cikinsu ya tura amsata, ni za a kora."

A gabanta ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya ce a rufe akawun ɗin. Ya jefa kwalin bayan ƙofa ya fice. Kwana biyu ko gaisuwarta da ƙyar yake amsawa, abin kuma ya dame ta ƙwarai.

Mahaifinsu, Alhaji Ɗantsoho, yana kan tabarmarsa aka yi duk wannan. Shekararsa arba'in yana dillanci a kara, kasuwar shanun Maigatari. Bai san kwamfuta ba, bai kuma nemi ya sani ba, amma ya ji an ambaci shanu. Ranar Laraba ya ce ta nuna masa waɗanda suke ba na'urar tata wahala. Ta buɗo masa daga cikin hotunan horo, waɗanda kwamfutar ke zuba musu kilo fiye da abin da aka samu. Bai kai ga na goma ba ya fashe da dariya.

"Wannan ai ruwa ne, ba nama ba. An ba su kanwa."

Ya ce wasu masu shanu kan ba dabba kanwa kafin a shiga kasuwa, ƙishirwa ta kama ta, ta sha ruwa har ciki ya yi tim. Baƙo ya gani ya ce ya samu ƙosasshe, mahauci ya yanka ya yi da-na-sani. Ya ce na'urarta baƙuwa ce a kara, ciki take kallo.

Ta koma ta karanta dokokin, ba ta ga inda aka hana tambayar wanda ya san shanu ba, muddin kwamfutar ce za ta yi hasashen. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, ta bi shi kara. Ya riƙa nuna mata inda hannun dillali ke sauka: cinya, gadon baya, gindin wutsiya, tozo. Bilya na gefe yana lodi, yana yi kamar bai gan su ba, har wani jan sa ya ƙi tsayawa, sai ga shi ya zo ya riƙe mata igiya. Kafin a jima direbobin nan sun kewaye su, kowa na faɗin nasa, ana musu a kan wane sa ne ya sha kanwa. Ita dai rubutu kawai take yi.

Daga la'asar ɗin ranar zuwa hantsin Juma'a ta sake horar da kwamfutar, ta sa ta rage kula ciki ta koma kan wuraren nan huɗu. Bilya da kansa ya kai ta Gumel. Ta tura, suka zuba wa allon ido.

Ta talatin da shida.

Hawa biyar kacal ta yi. Bilya ya ce ai saura biyu, ta taɓa nan ta taɓa can ta sake turawa, ko Allah zai sa ta ƙara hawa. Ita ba haka ta gani ba. Allon nan ɗan yanki yake dubawa, kuma wanda ya yi ta gyara don ya burge ɗan yankin, ɗan yankin kaɗai zai iya. A gwajin da ta yi da kanta a kan hotuna dubu shida kuwa, kuskuren ya ragu sosai. Amsa ɗaya ake zaɓa a matsayin ta ƙarshe. Ta zaɓi wannan, ta rufe kwamfutar da sauran damarta biyu ba ta taɓa su ba. Bilya ya riƙe kai, ya ce bai taɓa ganin mai kukan ƙarancin abu ya kuma bar saura ba.

Ranar Litinin da hantsi aka buɗe rufaffen sakamakon. Suna zaune a motar Bilya a Gumel, ta fara neman sunanta daga wajen talatin, ba ta gani ba. Sai ta ga sanarwa cewa an cire mutum goma sha huɗu saboda tura amsa da sunaye daban-daban, har da wanda ya yi wata guda yana kan gaba. Waɗanda suka rage a saman ma da yawa sun gangaro. Ta yi ta jan allon sama.

Ta biyu. Adawiyya Ɗantsoho, Maigatari. Ga saƙon ɗaukar aiki a ƙasa.

Ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Bilya kuwa ya danne hon har mutane suka fito daga shaguna. Da labari ya kai wa Alhaji, tambaya ɗaya ya yi, wai shi na ɗayan ɗan wane dillali ne.

Gayya ba ta tashi sai da abinci, don haka ranar Alhamis direbobin nan tara suka hallara a ƙofar gida, kowa na cewa shi ne ya fara gane wane sa ne ya sha kanwa. Goggo, ƙanwar Alhaji, ta ɗora babbar tukunya a tsakar gida, itacen ya ƙi kamawa. Bilya ya shiga bayan ƙofa ya ɗauko kwalin nan, ya tsuguna gaban murhu, ya daɗe yana duban sunayen.

"Da kin ji maganata," ya ce, "da yau sha biyar aka cire."

Ya yayyaga shi ya tura ƙarƙashin tukunyar, wuta ta kama. Da abinci ya nuna, Adawiyya ta zuba kwanon farko, ta wuce kowa ta ajiye a gaban yayanta.