Jakar Mushe Ta Dawo

Salamu alaikum, Yaya Habsu. Kina ji na? An ce in jan idon nan na rediyo ya kama, to magana na shiga kaset. Ni ce Kellu, ƙanwarki, daga Gure. Wasiƙa na so in yi miki, amma kin san lakwal ɗina, karatun bokon nan, a aji huɗu ya tsaya, labarin kuma ya fi ƙarfin takarda.

Na sauka lafiya! Mace ce, gashi cike da kai. Kada ki ce in faɗi sunan, 'yar fari ce, ki tambayi Inna. Ina gida ana wankan jego, Inna na dafa ni safe da yamma kamar rogo, kunun kanwa kuwa har ya kusa fito mini ta hanci. Amma babban labarin shi ne, Mushe ya fasa tafiya! Au, ke ba ki ma san zai tafi ba. Bari in faro miki.

Kin san maigidana malamin lakwal ne, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe. To tun ina da ƙaramin ciki albashinsu ya maƙale, wata na bin wata shiru. Kekensa ya sayar ya sayi ragon suna. Ran sunan, da jama'a suka watse, ya kira ni zaure ya ce ya yi magana da wani direban kamyo, babbar motar kaya, zai bi shi Libiya neman aikin gini. Har ya kai jakarsa gidan direban don kada a gan shi da kaya ran tafiya. Ya ce kada kowa ya ji, sai ya yi nisa. Yaya, ke kin san nawa suka shiga Saharan nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Na ce to. Me zan ce? Na koma ɗaki ina shayarwa, hawaye na ɗiga a kan yarinya.

To kin tuna dalbejiyar bayan ɗakin Inna, inda yayanmu Ɗan Talata ke dafa shayi da abokansa bayan la'asar? Katanga kaɗai ce tsakaninmu, ko tari suka yi ina ji. Shi kuma har yau ƙwallo ta cinye masa kai. Shi ne shugaban 'yan wasan unguwa, Mushe ne ke koya musu, shi ke riƙe da usur.

Ana jibi tafiya, ina zaune an gama yi mini wanka, sai na ji Aisami mai kanti ya ɗauko zance.

"Kun ji abin da ake faɗi? Wai jirgin sama za a ɗaukar wa 'yan ƙwallon ƙasa su je wasa waje. Jirgi fa! Malamai na nan suna shan gari da ruwa."

Ɗan Talata ya ce, "Aisami, abin da ba ka sani ba ka sha shayinka. Ƙwallo ce ke sa duniya ta san sunan ƙasa."

"Ai kuwa an san mu. Duk inda muka je a cika mana raga mu dawo."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ba ƙwallo ce ta ci kuɗin ba, a je Yamai a ga motocin manya. Wani ya ce tun da aka karya darajar kuɗin sefa komai ya lalace. Sai Aisami ya juya kamar ba shi ya fara tausayin ba, ya ce su ma malaman kullum yajin aiki, 'ya'yansa sun yi asarar shekara, bana kuma babban zai zauna jarrabawar satifika.

Ɗan Talata ya ce, "Yanzu ka yi magana. Ga surukina Mushe, ba a biya shi ba, ya mutu? Kullum fes, yana hura mana usur yana dariya. Malaman nan raƙuma ne, suna da tozo."

Yaya Habsu, ban san lokacin da na ajiye yarinya ba. Na ja turmi, na haye, na leƙa katanga, jikina na hayaƙin ruwan zafi.

Na ce, "Yaya, raƙumin naka jibi zai shiga Sahara! Jakarsa na gidan direba. Sai ku hura usur ɗin da kanku!"

Inna ta fito da muciya a hannu. "La'ilaha illallahu! Mai jego a kan katanga? Sauko, marar kunya, iska za ta shige ki!"

Na sauko. Can baya kuwa tsit, har ina jin butar shayi na tafasa.

Ɗan Talata ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa. "To wasanmu da 'yan garin Bune fa?"

Aisami ya ce, "Ji mahaukaci! Ana zancen ran mutum kana zancen Bune. Ƙarfin da kuke zubarwa kuna bin fatar ƙwallo a rairayi, da rijiya kuka haƙa da shi da an ci albasa."

Ɗan Talata ya ce, "Ba mu wurin haƙawa ka gani, sarkin rowa. Kwarin babanka na can rairayi na cinye shi, ka hana kanka ka hana kowa."

"Ni ne mai rowa? To ku shaida, na ba Mushe aron kwarin har gwamnati ta tuna da shi. In ga ƙafafun naku!"

"Mun shaida!" Duk suka faɗa tare, don kada ya janye.

Washegari aka yi gayya. Ni ban je ba, amma Inna ta dafa musu dambu ta ga komai. Ta ce samari sun fito da rigunan ƙwallonsu masu lamba a baya, wasu da galma, wasu da kaba don shinge. Kin san ruwan kwari ba nisa, kafin azahar rijiya ta kawo. Akwai dabinai ma a ciki da 'ya'ya sun fara ja. Iyayen 'yan ajinsa kuma da suka ji, sai ga tiyar hatsi daga nan daga can.

Mushe fa da farko ya ƙi. Ya ce shi ba maroƙi ba ne. Aisami ya ce wa ya ce kyauta ce, aro ne, kuma in aka sauke dabino a kai masa rabonsa kanti. Sannan ya karɓi galma.

Da yamma ya zo zaure, taɓo har gwiwa, ya ƙi kallona.

Ya ce, "Kellu, kin tsiraita ni a gari."

Na ce, "Gara tsiraici a Gure da sutura a Sahara."

Na miƙa masa yarinya. Ta kama masa ɗan yatsa, shi da taɓonsa.

Muna nan sai ga Ɗan Talata da jakar a ka, ya karɓo daga gidan direba. Ya sauke ta gabanmu yana huci. "Kellu, kin ga mijinki? Har da usur ɗinmu ya sa a ciki, zai kai wa Larabawa!"

Mushe ya daure, ya daure, sai dariya ta ƙwace masa.

Albashi dai har yanzu shiru. Da safe yana aji, da yamma yana kwari, jakar kuma na ɓoye ta ƙarƙashin gadon Inna. Ki saurara, kina jin hayaniya? Su ne a gindin dalbejiya, har yanzu suna kan jirgin nan. In kin samu mai zuwa, ki aiko mana da irin albasa mai kyau. Yarinya ta farka, ki gaida kowa da kowa.