Dankali a Bayan Ƙyaure

A Kusada, namiji ya gasa tsire ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Ya soya ƙwai a teburin shayi, sai ma a yi masa sannu da sana'a. Amma ya kuskura ya tsuguna gaban murhu a cikin gida da ludayi a hannu, to ya samar wa majalisa abin yi har ƙarshen shekara. Rabe ya san haka sarai, shi ya sa duk zaman da ya yi a Abuja, abin da aka sani a gida shi ne yana aiki a ofishin wani otal. Ofishin nan kuwa ɗakin girki ne. Da wanke tukwane ya fara, ya koma feraye dankali, har wani kuku ɗan Togo ya ga yaron yana da hannu ya ja shi a jiki. Ban da matarsa Humaira, ba mahaluƙin da ya sani.

Ciwon mahaifinsa ne ya dawo da shi gida. Alhaji Ishaq ya yanke jiki ya faɗi a gona farkon damina, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibitin Kankia, likita ya ce a riƙa ba shi abinci mai laushi, don haɗiya ta zamar masa aiki. Abinci mai laushi kuwa a gidan nan sunansa kunu. Kunun gyaɗa da safe, na tsamiya da rana, da magariba a sake damo wani. Mutumin da ya saba share malmala biyu ta tuwon dawa ya nemi ƙari, yau shi ake bi da kofi ana lallashi. Ya daure ya sha na ɗan lokaci, daga baya ya fara kawar da kai. Aka gwada fate, ya ƙware har sai da hankalin kowa ya tashi. Aka yanke gero aka kai rumbu, Alhaji kullum sai ƙara zubewa yake a kan katifa.

Abin takaicin, tun makon farko Rabe ya san abin da zai wuce maƙogwaron tsohon. Akwai wani gashin dankalin Turawa da madara da cuku da suke ajiyewa a gefen nama a otal ɗin, mai laushin da ko marar haƙori zai murƙushe shi da harshe. Sau nawa ya yi niyya! Sai ya tuna wata rana yana yaro, wani mai tuwo-tuwo na tasha ya gaishe da Alhaji ya wuce, Alhaji ya bi shi da kallo ya ce, "Allah shi raba zuri'ata da ludayi." Da ya tuna sai ya ce a bari tukuna, wataƙila kunun zai karɓe shi.

Ga shi kuma Rabe ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Alhaji bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa yaba masa a gaban idonsa ba. In zai yi masa magana sai ya dubi wani ya ce, "Ka ce ma wancan." Mutumin da ko sunanka ba ya faɗa don kunya, ta ina za ka fara gaya masa cewa ludayi ne ya gina ɗakin da kake kwana?

Ranar da ya ga zoben azurfar Alhaji ya sulluɓe daga yatsa ya gangara ƙarƙashin gado, ranar ya kasa daurewa. Ya tare Kamalu direban motar Katsina a tasha ya ba shi sautun cuku, ba busasshen nan na Buzaye ba, na kanti mai ruwan ɗorawa wanda ke narkewa a wuta. Ya ƙara da cewa Humaira ce take so, alhali ba wanda ya tambaye shi.

Humaira 'yar gidan malamai ce daga Rimaye, ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ta zauna daram. Da ta ga yana jan kurfotin gawayi zuwa ɗakin ajiya bayan azahar, lokacin da matan ƙannensa suka shige ɗaki gudun rana, sai ta riƙe ƙugu.

"Yanzu a nan za ka hura wuta, ƙyaure a ruhe?"

"Ke dai ki tsaya mani a ƙohwa. In an gama ki kai mashi."

"Kwano zan ɗauka," in ji ta. "Amma ka ji da kyau, in aka tambaye ni, ba ni yin ƙarya."

Ya yi kamar bai ji ba, ya tura ƙyauren.

Da ya kama wuƙa sai ya koma wani mutum daban. Ya feraye dankalin, ya yanka shi falle-falle, siriri har ana hango wuƙar ta cikinsa, bai wanke ba don kada garin da zai kama romon ya bi ruwa. Ya narka man shanu, ya zuba albasa da tafarnuwa suka yi laushi, ya barbaɗa ɗan fulawa ya juya, sannan ya tsiyaya madarar da Fulani suka tatso da safe, kaɗan-kaɗan, har ta yi kauri tana bin bayan cokali. Gishiri, ɗan masoro, rabin cukun da ya goge. Ya shafe kwanon silba da mai, ya jera dankali, ya kwarara romo, ya sake jerawa, ya rufe saman da sauran cukun. Tanda irin ta otal babu, sai ya zuba yashi a gindin babbar tukunya, ya ɗora kwanon a kai, ya rufe, ya kwashi garwashi ya zuba a kan murfin. Ya tsuguna yana fifita, gumi na ɗiga, kansa na sarawa saboda hayaƙi, kunnensa kuma na bakin ƙofa kamar na ɓarawo. Da ya buɗe, saman ya yi ja-ja-ja yana tafasa a gefe, ya soka wuƙa ta shige ba gardama.

Alhaji ya ci. Cokali ɗaya, ya tsaya ya lumshe ido, ya buɗe baki a ƙara. Rabe na laɓe a bayan taga yana kallo, bai san lokacin da hawaye suka zubo masa ba. Daga ranar, kullum bayan azahar sai ɗakin ajiya, kullum Humaira ta ɗauki kwano. Matan gida suka shiga tsokanarta, wai ashe haka ta iya girkin Turawa ta ɓoye musu. Ita dai sai ta sunkuyar da kai ta wuce, ranta ba daɗi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Ɗanmaliki ya zo dubiya. Abokin Alhaji ne tun suna yara, kuma duk Kusada ba bakin da ya kai nasa sauri. Abin da ya ji da hantsi, kafin la'asar ya isa Kunduru. Rabe na zaune a gefe yana danna wa tsohon ƙafa aka shigo da kwanon. Ciwo bai sa Alhaji ya manta al'ada ba, ba ya cin abu baƙo na kallo. Da hannun hagu ya tura kwanon gaban abokinsa.

Ɗanmaliki ya kai loma, ya zaro ido. "Kai! Wannan hwa? Mi aka sa ciki? Alhaji, ashe daɗi kake kwance kana sha, mu muna can muna yi maka kuka!"

Alhaji ya yi murmushi da rabin bakinsa. Magana tana fitar masa da ƙyar, kalma-kalma. "A kira mani... wadda ta yi."

Humaira ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kamar yadda suruka ke yi. Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ɗiyata. Kin maido ni duniya. Allah shi yi maki albarka. Allah shi ba ki masu yi maki."

Ɗanmaliki ya ce amin. Rabe ya ce amin, muryarsa can ƙasa. Daga bakin ƙofa shiru.

"Ba ki ce amin ba," in ji Ɗanmaliki.

Rabe ya ɗago ya dube ta, yana roƙonta da ido. Ba ta ko kalli inda yake ba.

"Baba, ku gahwarce ni," ta ce. "Albarkar nan ba tawa ba ce, ba ni iya amsa ta. Ni ɗauko kwano kawai nike. Ɗanku ne ke yi."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Rabe ya gode mata ya shige. Kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa har tsakar ka, hannunsa ya sandare a kan ƙafar mahaifinsa. Ɗanmaliki kuwa ya dubi kwanon, ya dubi Rabe, ya bushe da dariya har hularsa na zamewa.

"Rabe? Mutumin ohis? La ilaha illallahu! Ashe ohishin tukwane ne!"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya jima yana kallon silin, sannan ya juya wajen abokinsa.

"Tambaye shi. Tun yaushe ya iya?"

Rabe bai jira an maimaita ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Tun zuwana Abuja. Aikina ke nan can. Ban taɓa zama ohis ba."

Ya runtse ido yana jiran maganar ludayi. Ya riga ya haddace ta, ya san yadda za ta fito.

Alhaji ya ɗaga hannun hagunsa a hankali, hannun riga ya zame har gwiwar hannu. Fata ce kawai a kan ƙashi. Ya juya shi yana dubawa kamar na wani, sannan ya ce wa Ɗanmaliki, "Shi ne ya zuba mani ido... ina fama da kunu... tun farkon damina?"

Dariyar Ɗanmaliki ta ɗauke. Rabe ya buɗe ido ya ga hannun. Kunyar ɗazu ashe wasa ce. Duk watannin nan da yake tattalin sunansa a majalisa, naman jikin ubansa ne yake biya. Ya dubi yatsan da zoben ya sulluɓe daga kai, ya kifa goshinsa a kan ƙafafun tsohon, kafaɗunsa na rawa.

Can sai ya ji hannu marar nauyi ya sauka a ƙeyarsa, ya zauna a wurin.

"Ka ce ma wancan," in ji Alhaji, "gobe shi hito da tukunyar tsakar gida. Hayaƙin da yake sha bayan ƙyaure ya isa haka."